Nauyin Tarakta Bai Kamata Ya Hau Jirgin Ruwa Ba

Duk wanda ya bi titin Zariya daga Kano a farkon damina, ya wuce Kura ya nufi Kadawa, ya ga abin da zan yi magana a kai ko da bai kula ba. Za ka ga ƙaramar tarakta ta saɓo haro a baya, a gabanta an ɗaure bulo biyu da igiyar roba, ko buhun yashi, ko mataccen batirin babbar mota. Wata rana ma ba bulo ba ne, yaro ne zaune a kan bonet, ya ƙanƙame abin da hannunsa ya samu, an ɗora shi don kada gaban motar ya ɗaga. Direban ya san motarsa tana neman nauyi, kuma a nan ya yi gaskiya. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ƙera masa nauyin, ya auna shi, ya ɗaura shi yadda ya kamata, a kuɗin da aljihunsa zai ɗauka. Wannan kuwa aikinmu ne, mu masu walda da sarrafa ƙarfe na Sharaɗa da Bompai da Challawa, amma mun bar shi a ƙasa muna rububin ƙofa da taga da tankin ruwa.

Na koyi aikin ƙarfe a wata masana'anta a Bompai cikin shekarun 1980, zamanin da idan jiniyar tashi ta kaɗa titi ke cika da kekunan ma'aikata. Yau ina da ɗan shago a Sharaɗa da yara masu koyon aiki. Dangin mahaifiyata manoma ne a ƙasar Kura da Bunkure, saboda haka injinan nomansu a ƙofata suke ƙarewa idan sun sami matsala. Mafi yawansu ba manyan taraktoci ba ne. Ƙananan nan ne na hannu ƙirar Sin, masu taya biyu da inji mai silinda ɗaya, waɗanda mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙaho, sai 'yan madaidaita masu taya huɗu. Su suka dace da gonar da ba ta kai kadada guda ba, kuma su rashin nauyi ya fi cuta, domin da ma can ba su da jiki.

Manomi idan zai sayi tarakta, tambayarsa ɗaya ce: ƙarfin doki nawa ne da ita? Sha biyu, sha biyar, talatin. Amma ƙarfin da ke cikin inji ba ya isa ga garma sai ya bi ta taya, taya kuma ba ta kama ƙasa sai gwargwadon nauyin da ya danne ta. Idan nauyin ya gaza, inji zai yi ta ruri, taya na juyawa tana watso ƙasa baya, garma kuwa tana tafiyar hawainiya. Mai ya ƙone, haƙoran taya sun cinye, aikin da za a gama kafin la'asar ya kwana. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya koyi lissafin mai, gas kuwa da waɗannan injina ke sha ya daɗe da barin hannun tallafi. Duk da haka ban taɓa ganin direban da ke lissafin man da santsin taya ke shanye masa ba.

Gwajin bai buƙatar wata na'ura. Alli da tef ɗin awo da turaku biyu sun isa. Ka yi wa tayar baya alama da alli, ka ɗaga garma, ka tuƙa a cikin gonar har taya ta juya sau goma, ka auna nisan. Sannan ka sauke garma ta shiga ƙasa zurfin da ka saba, a giyar da ka saba, ka sake ƙirga juyi goma ka auna. A ce na farko ya ba ka mita 20, na biyu mita 15. Biyar ɗin da suka ɓace su ne santsi, kashi 25 cikin ɗari ke nan, wato a kowane juyi huɗu ɗaya na banza ne. Masana injinan noma sun daɗe da tsayar da cewa ga tarakta mai ja da tayoyin baya, santsin da ya dace yana tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, mita 17 zuwa 18 a misalinmu. Idan santsi ya wuce haka, a ƙara nauyi. Idan bai kai ba, nauyin ya yi yawa, a rage. Wannan na biyun shi ne mutanenmu ba sa son ji. A ganinsu tayar da ba ta santsi ko kaɗan ita ce gwana, alhali ɗan santsin nan shi ke kare giya da aksul ranar da garma ta ci karo da saiwa ko dutse. Sawun taya ma yana faɗar gaskiya ga mai dubawa. Idan zanen haƙora ya fito raɗau bai gusa ba, an yi lodi fiye da kima. Idan ya goge gaba ɗaya, nauyi ya yi kaɗan.

Bara waccan wani ƙanena daga Bunkure ya kawo tasa ta hannu a bayan a-kori-kura, ransa a ɓace.

“Yaya, injin nan ya gaji, ba ya ja. An ce sai an sauke shi an sa ringi.”

Na ce ya tayar. Ƙara lafiya lau, hayaƙi babu baƙi. Na tambayi abin da take ja, ya ce garma ce a gonar tudu.

“Ina ƙarafan cikin tayoyinta?”

“Wallahi Yaya, haka na saye ta.”

Ga ramukan noti nan a jikin rim, fanko, kamfanin da ya ƙera ta ya tanade su ne domin nauyi. Sau da yawa dila ne ba ya haɗowa da ƙarafan don ya rage kuɗin dako, wani lokaci kuma wani ne ya kwance ya kai wa 'yan gwangwan. Muka yanka masa faifai huɗu, biyu a kowane gefe. Kuɗin bai kai na sauke inji ba, kuma injin nan har yau ba a buɗe shi ba.

Wancan nauyin taya ne, na ja. Akwai kuma na gaba, wanda ya shafi rai. Tarakta mai taya huɗu idan ta ɗaga haro, aksul na baya ne madogara, abin da ya danna ta baya yana ɗaga ta gaba. A ce haron kilo 200 ne, tsakiyar nauyinsa mita ɗaya a bayan aksul, tsakanin tayar gaba da ta baya kuma mita biyu. Da an ɗaga shi, kilo 100 ya bar tayoyin gaba. Babba irin Massey Ferguson 375 za ta shanye wannan, ƙarama kuwa sitiyarinta zai yi sako-sako, ka murɗa ta ƙi bi. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada abin da ke kan tayoyin gaba ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na nauyin motar duka. A gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa, inda hanya ke bin gefen kanal kuma sai an hau gaɓa an gangara kafin a shiga fili, wannan ba zancen littafi ba ne. Masu nazarin haɗarin tarakta sun auna cewa idan ta fara miƙewa, cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba take wuce inda za a iya dawo da ita, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kife a kan direba. Ƙafa ba ta isa kuloci a wannan tsakani. Ƙasar Suwidin tun 1959 ta wajabta ƙarfen kariya a kan sababbin taraktoci saboda kifewa. Namu ƙananan da yawa ba su da shi, sai kuma mu ƙara da ɗora ɗan mutane a bonet a madadin ƙarfen da bai kai kilo arba'in ba. Wane uzuri direba zai kai wa uwar yaron ranar da tayar gaba ta faɗa rami? Sai dai a sani, nauyin gaba ba ya maganin ganganci. Wanda ya ɗaure sarƙa sama da aksul don ya tumɓuke kututture, ko buhu nawa ya rataya a gaba za ta iya miƙewa da shi.

Wani zai ce, ai nauyi nauyi ne, me ya raba bulo da ƙarfe? Wuri ya raba su. Ɗauki jarka mai lita 25. Ka cika ta da ruwa, kilo 25 ne. Da kankare, wajen kilo 60. Da a ce za ka iya cika ta da ƙarfe, kilo 196. Cikin rim ɗin ƙaramar tarakta kuwa bai fi ka saka faranti ba, saboda haka abin da kankare zai ba ka a nan ba ya taɓuka komai. Bulo yana marmashewa da jijjiga, buhun yashi yana yagewa, kuma nauyinsa na rani ba shi ne na damina ba. Batir yana zubar da ruwansa ya ci ƙarfen motar. Akwai masu cewa a narka dalmar cikinsa, tunda dalma ta fi ƙarfe nauyi, lita ɗaya ta haura kilo 11. Ni ba na yi, kuma ba na barin a yi a shagona. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai hura wuta a ƙarƙashinta a unguwar da yara ke wasa ba.

Yanzu aikin kansa. Abin da ya sa nake son sa shi ne lissafinsa a fili yake. Faleti mai kaurin milimita 10, faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, kilo 78 da rabi ne. Mai milimita 20, kilo 157. Idan ka yanka faifai mai faɗin santimita 30 daga mai milimita 20 ɗin, za ka sami kilo 11 kafin ka huda shi. Ke nan mai walda zai iya faɗa wa manomi kilon da zai samu da kuɗin da zai biya tun bai kunna wutar yanka ba. Mu nan kwali muke dannawa a jikin rim ya ɗauki sawun ramuka, mu yanke shi, shi ne samfur. Tsakiya dole ta zama tsakiya, domin faifan da ya karkace zai riƙa dukan boris a kowane juyi. A bar wa bawul wuri, in ba haka ba duk ranar da za a sa iska sai an kwance. Ramukan noti da injin huda ake yin su, ba da wutar walda ba, don ramin wuta ba ya zama daidai kuma noti yana wasa a ciki. Noti a nemi mai lamba 8.8 a kansa, a sa washa, a bi da na biyu ya kulle na farko. Na hagu da na dama a ɗora su a sikeli su zo daidai. A bi gefe da giranda don kada ya yanki hannu ko taya. Sannan abin da na fi matsa wa yarana a kai: a buga kilon a jikin ƙarfen da lamba, ba da fenti ba. Wani yaro ya taɓa ce mini, “Oga, ai mai shi ya ga sikeli da idonsa.” Na ce mai shi ya gani, amma wanda zai gaji motar ko ya saya a hannunsa bai gani ba.

Na gaba kuma ƙugiya ake fara ƙerawa, a ɗaure ta da noti a ramukan da ke jikin firam, ba a jikin bonet ko kusa da lagireto ba. Sai a yanka alluna masu mariƙi, kowanne kilo 20 zuwa 25, abin da mutum ɗaya zai ɗaga bai karya ƙugunsa ba, a rataya su a jere, a zura rodi ya ratsa su duka a kulle. A tarakta ta hannu ma'aunin yana hannun mai tuƙi. Ana ƙarawa a gaba har sai ƙahon ya daina danne masa kafaɗa, amma bai kai ya riƙa fizgar sa sama ba.

Abu biyu ne ba na yafewa. Na farko, walda a jikin rim alhali taya na kai. Zafi yana dafa robar daga ciki, iskar da ke fitowa ta taru, taya ta fashe, wani lokaci bayan an ajiye wuta an juya baya, kuma sace iska kafin a fara ba ya hanawa. Na biyu, liƙe nauyi da walda ya zama na dindindin. Nauyin tarakta abin sawa ne da cirewa. Mai jan garma a busasshiyar ƙasa yana son sa. Da ya shiga fadamar shinkafa da aka sakar wa ruwa, nauyin nan shi zai kafe shi, a nan tayar ƙarfe mai fiffike ake sawa a sauke sauran. Idan kuma injin ɓarzar ƙasa mai juyawa aka ɗaura, shi da kansa yake tura motar gaba, nauyin taya ba shi da aikin yi. Wanda ya bar lodi a kai shekara zagaye yana ƙona mai wajen dakon ƙarfe, yana kuma daddage ƙasar gonarsa har ruwa da saiwa su kasa ratsa ta.

Ƙarfen kuma ba sai sabo ba. Ragowar yanka daga masu ƙera tankuna da bodin manyan motoci ya wadatar, kuma a Ƙofar Ruwa da wuraren 'yan gwangwan ana samun tsohon fulawil da duram ɗin birki na tirela, waɗanda da ma a zagaye suke kuma a daidaice. Sai dai su ƙarfen zubi ne, waldar yau da kullum ba ta riƙe su, tana tsagewa daga gefe, saboda haka huda su ake yi a ɗaure da noti. Ƙarfen titin jirgi yana da kyau ƙwarai, kuma shi ya sa ɓarayi ke kwance shi. Wanda ya kawo mini shi babu takarda, ƙofa a buɗe take ya koma da abinsa. Haka rufaffen bututu ko tulun ƙarfe da ba a san abin da ke ciki ba, ba a kai masa wuta. A 2025 sai da gwamnatin Kano ta dakatar da shigo da gwangwan daga Arewa maso Gabas bayan abubuwa masu fashewa da suka biyo cikinsa sun kashe mutane.

Akwai wata gaskiya da ke rage mana ciniki, amma zan faɗe ta. Ga tarakta mai manyan tayoyin baya, nauyi mafi araha ruwa ne. A ɗaga taya da jak, a juya bawul ya koma sama, a ɗura ruwa har ya kai bakinsa, kashi uku cikin huɗu ke nan, sauran a cika da iska. Kowace lita kilo ɗaya. A Turai da Amurka sai sun haɗa da wani sinadari don kada ya daskare da hunturu, mu kuwa ko sanyin Janairu bai kai nan ba. Manomin da ruwa zai ishe shi, ruwa nake ce masa ya zuba. Amma tayar ƙaramar tarakta ba ta cin ruwan kirki, ruwa ba ya gyara gaban da ke ɗagawa yadda ƙarfen da aka rataya can gaba ke yi, kuma fitar da shi ranar shiga fadama aiki ne. A nan ƙarfe ya fi.

To me ya kai wannan ɗan batu shafin ra'ayi? Dubi abin da nauyin tarakta yake. A cikin dukan sassan motar, shi ne wanda babu fasaha mai zurfi a cikinsa, babu famfo, babu waya, babu haƙori. Amfaninsa kaɗai nauyinsa. Kuɗin dako kuwa da nauyi ake lissafa shi. Sai ga mu muna biyan dala a narka shi a Sin ko Indiya ko Belarus, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Legas, a biya kuɗin fito, a ɗora a tirela ta yi tafiyar kilomita kusan dubu zuwa Kano. A hanya kuma tirelar za ta yi kiciɓis da wasu tireloli da suka taso daga nan shaƙe da gwangwan za su kai wa masu narka ƙarfe a Legas da Ogun. Garin da tarihi ya ce maƙera ne suka fara zama a gindin Dala suna fitar da ƙarfe daga tama, yau yana sayar da ƙarfensa a kilo ya sayo na wasu a dala.

Mun taɓa gwada ƙera tarakta daga sama. A shekarun 1970 aka kafa Steyr a Bauchi, aka kafa kamfanin haɗa motocin Fiat a nan Kano, a farkon 1980 kuma aka buɗe masana'antar murza ƙarfe ta Katsina da fatan kamfanin ƙarfe na Delta da ke Aladja zai ciyar da ita. Amma haɗa sassan da aka shigo da su a akwati ba ƙira ba ce. Da Naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, akwatunan suka gagari saye, aikin ya durƙushe, kamar yadda masaƙu da wasu masana'antun Bompai da Sharaɗa suka bi sahu. Pakistan ta bi wata hanya. Kamfanin Millat na Lahore, mai ƙera Massey Ferguson ɗin da ke cika gonakinmu, ya riƙa karɓe sassa ɗaya bayan ɗaya yana ba ƙananan maƙeran ƙasarsa, har ta kai mafi yawan jikin motar a gida ake yi. Duk wanda zai bi wannan hanya, daga abin da ya fi sauƙi kuma ya fi nauyi zai fara. A watan Yunin 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 daga Belarus. Ko da kilo ɗari-ɗari kawai kowacce ke buƙata, tan 200 ke nan na aikin da shagunan Sharaɗa za su iya yi da kayan da ke hannunsu yau.

Na san abin da za a ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za a ce wuta ta yi tsada. Haka ne, tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A Naira 225 kowane yunit, mai shago a unguwar masana'antu yana tunani kafin ya kunna inji. Amma yankan faleti da gas ake yi, huda da gogewa ne kawai ke cin wuta, kuma ba su da yawa. Wanda wutar ke kashewa shi ne mai narka ƙarfe ya zuba, shi ya sa nake cewa a fara da yanka, zubi ya biyo baya idan oda ta yi yawa. Za a ce gwangwan ya yi tsada. Ya yi, amma na ƙasar waje ma daga ƙarfe aka yi shi, aka ƙara masa dako da fito da ribar dila. Za a ce kuma aikinmu ba shi da inganci. Wannan ita ce tuhumar da ta fi zafi, domin na ga abubuwan da aka yi a garin nan da ni kaina ba zan tsaya kusa da su ba: kan injin mota an liƙa a gaban tarakta da ɗigon walda huɗu, faifan da hagu ya fi dama da kilo biyar. Matsalarmu ba ta hannu ba ce, ta awo ce. Mai walda ya iya yanka ya iya haɗawa, amma babu wanda ya taɓa gaya masa kilo nawa motar ke so, kuma babu wanda zai duba bayan ya gama.

Amurka ma ta sha wannan. Wani manomi ɗan majalisa a jihar Nebraska, Wilmot Crozier, ya sayi tarakta ta cuce shi, ya kai ƙudiri majalisa, a 1919 aka yi dokar cewa ba za a sayar da wani samfurin tarakta a jihar ba sai jami'arta ta gwada shi ta buga sakamako. Daga 1920 aka fara gwajin, kuma har yanzu ana yi. Mu ma muna da wuraren. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ga cibiyar injinan noma ta ƙasa a Ilori, ga sashen injiniyancin aikin gona a Jami'ar Bayero, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta. Ba na roƙon su ƙirƙiro sabon inji. Takarda ɗaya nake nema, da Hausa, wadda za a manna a bangon kowane shago: ga ƙananan taraktocin da suka fi yawa a Kano, ga zanen ramukan rim ɗin kowacce, ga kilon da take ɗauka a gaba da taya idan da garma, idan da haro, idan da tirela, ga iyakar da ba a wucewa. Ɗaliban aji huɗu za su iya wannan a gonakin Kadawa da alli da tef da sikeli cikin damina ɗaya, kuma ya fi musu amfani a kan kundin da zai kwanta a kabad.

Ga masu sayen tarakta da kuɗin jama'a kuma, gwamnatin jiha da hukumar noma ta KNARDA da shirye-shiryen da ke raba wa ƙungiyoyin manoma injina, umarnin fifita kayan gida yana nan tun 2017. A rubuta a cikin kwangila cewa nauyi da ƙugiyarsa da tayar ƙarfe ta fadama a Kano za a ƙera su, bisa zane guda, a karɓa bayan an ɗora a sikeli. A rarraba odar ga shaguna da yawa, kada a ba mutum ɗaya mai ofis da jaka wanda zai zagayo ya kawo mana a rabin kuɗi. Kuma a ba da kuɗin ƙarfe tun farko, domin mai sayar da faleti ba ya ba da bashi, kuma babu ƙaramin shago a Sharaɗa da zai iya sayen tan biyu daga aljihunsa ya zauna wata shida yana jiran a sa hannu a fayil.